Kwana Huɗu Tsakanin Gwandu da Kalgo: Yadda Iyalai Ke Cin Hutun Sallah

Babbar Sallar shekarar 2025 ta faɗo ranar Juma'a, 6 ga Yuni, Gwamnatin Tarayya kuwa ta ba da hutun wannan rana da na Litinin, 9 ga wata. Da aka haɗa da Asabar da Lahadi, sai ma'aikaci ya tashi da kwana huɗu cur a hannunsa. A Abuja ko Legas, iyali mai hali zai kashe irin wannan hutu a wurin shaƙatawa mai tikitin shiga ko a babban kanti mai na'urar sanyi. A Gwandu da Kalgo lissafin daban yake. Tun daren jajibere maigida da uwargida sun gama tsara shi da baki: wa za a fara gaisarwa, gidan wa za a kai cinya, waɗanne yara za su kwana wurin kaka, nawa za a ware kuɗin mota.

Garuruwan biyu duk suna cikin masarautar Gwandu, ɗaya daga cikin masarautu huɗu na Jihar Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Amma halinsu ba ɗaya ba ne. Kalgo gari ne na bakin hanya. Wanda ya fito daga Birnin Kebbi zai nufi Jega, ko Bunza har zuwa Kamba a bakin iyaka, galibi ta mahaɗar Kalgo zai ratsa, kuma tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba daga babban birnin jiha. A nan Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ta fara zama bayan kafa ta a 2013, kafin ta gina mazauninta na dindindin a Unguwar Jeji, kan hanyar Bunza. Akwai kuma babban asibitin jiha. Saboda haka Kalgo ta saba da baƙi, da ɗalibai, da masu jinya, da ƙarar mota dare da rana. Gwandu kuwa tana can gabas, kusa da iyakar Jihar Sakkwato, a cikin kwari da tuddai suka kewaye. Ba a bi ta Gwandu a wuce. Mai zuwa Gwandu, Gwandu ya nufa.

Wuta, hayaƙi da aikin mata

Ranar farko ba ta yawo ba ce. Ana saukowa daga Idi sai yanka, sai fiɗa. A wannan yanki, kamar a Sakkwato da Dosso da Yamai, gidaje da yawa ba sa yayyanka rago su soya a ranar. Buɗe shi ake yi, a shafa gishiri, a soke shi da sanduna a gicciye, a kafa a kewaye wuta. Maƙwabta kan haɗa ragunansu wuri guda a ƙofar gida, biyar ko goma, kowa ya kawo itacensa. Daga azahar har bayan isha'i wutar nan ce majalisa. Dattijo na zaune kan tabarma yana ba da umarni, saurayi na juya sanda yana kare fuska da hannun riga, ƙananan yara an ba su aikin tara kitsen da ke ɗiga a cikin kwano da korar karnuka. Yaron da aka yarda ya riƙe wuƙa a karon farko, ko da hanji kawai aka ba shi ya wanke, ba ya manta wannan Sallah.

A cikin gida kuwa babu wanda ya ga hutu. Masa tun asuba, tuwon shinkafa, miya tukunya biyu ko uku, suyar kayan ciki, wanke-wanke da ba ya ƙarewa saboda kwanon da aka aika da abinci da wani abincin yake dawowa. Kafin nan an kwana biyu ana kitso da lalle, an yi ta sintiri gidan tela. Duk wanda ke maganar "hutun iyali" ya kamata ya san cewa uwargida ba ta shiga cikinsa sai rana ta biyu da yamma, wani lokaci sai ta uku, sa'ad da za ta ɗaura sabon zanenta ta tafi gidan iyayenta. Magidancin da ya gane haka ya ware mata kuɗin mota da na tsaraba tun kafin kuɗin su ƙare a itace da ƙanƙara, shi ne ya san abin da yake yi.

Kwanon nama da taswirar dangi

Washegari ake sauke rago a raba, a nan kuma ainihin fita take farawa. Masu kai naman yara ne. A ɗora wa yarinya 'yar shekara tara kwano a ka, a haɗa ta da ƙanenta, a ce: wannan na Goggo, wannan na Kawu, wannan na Malam, wannan na gidan da aka yi rasuwa bana. Kafin la'asar sun shiga gida goma. A kowane gida sai an tsayar da su.

"Kai ɗan wa na?" in ji tsohuwa, ko da ta san amsar sarai.

Yaro ya durƙusa ya faɗi sunan ubansa.

"To, ubanka ɗan wa na?"

Nan fa ake gane wanda aka koya wa. In ya amsa daidai, ta ce, "Madalla, ashe maigidan nawa na. Ina cefanena?" Yaro ya sunne kai, gida ya ɗauki dariya, ta kwance bakin zane ta ciro masa goron Sallah. In jikanya ce, kishiya ta zo, sai a yi ta zolaya a kan wa ta fi iya tuwo.

Wannan wasa na kaka da jika, da tambayar da ta zo kafinsa, su ne makarantar da yaro ke sanin danginsa. Ba a zaunar da shi a karanta masa salsala. Ƙafarsa ce ke haddace ta: ya san lungun da ake bi zuwa gidan ƙanwar kakarsa, ya san gidan da ake cire takalmi tun daga zaure, ya san inda ake ba da naira ɗari biyu da inda ake ba da alewa da addu'a. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a garuruwa irin waɗannan maganar ba ado ba ce, tsarin aiki ne. Ranar da aka yi gobara ko rashin lafiya ko neman aure, gidajen da yaro ya kai wa nama su ne za a fara aikawa.

Kuɗin da aka tara kuwa ba sa kwana. Akwai mai balan-balan, mai ƙaramar bindigar ruwa, mai tabarau na roba, mai rake, mai zoɓo da kunun zaƙi a cikin kula. Akwai mai kekuna na haya, zagaye ɗaya zuwa bakin kasuwa a dawo. Da can akwai mai hoto da labulensa mai zanen jirgin sama; waya ta kashe masa kasuwa, amma ta haifar da mai caji da mai tura finafinai da waƙoƙi. Yara mata sukan haɗa abin da suka samu su sayi taliya da mai su yi girkinsu a ƙaramar tukunya a bayan ɗaki, ba mai sa musu baki.

Manya su ma suna da nasu zagayen. Daga Kalgo ana shiga Diggi da Zuguru da Dangoma. Daga Gwandu ana leƙa Dalijan da Kambaza da Malisa da Masama. Wasu kuma hanyarsu ta farko asibiti ce. Duk Sallah za ka ga iyalai da kuloli a hannu suna shiga dubiya a Kalgo, har su ɗiba wa na gadon kusa wanda danginsa ke nesa.

Ziyarar hubbare

Abin da Gwandu ke da shi wanda babu a sauran garuruwan jihar shi ne hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Iyalai da yawa, na garin da na nesa, sukan sa ziyararsa cikin tsarin hutunsu: a yi alwala, a cire takalmi, a shiga a yi sallama da addu'a, a ba masu kula da wurin sadaka, a fito. Malamai sun sha bamban kan yadda ya dace a yi ziyarar kabari, kuma a gida ɗaya ma akan sami mai zuwa da wanda ba ya zuwa. Amma ko wanda ba ya shiga ba zai musa cewa ƙasar da yake takawa ta ga manyan al'amura ba.

A 1805 Shehu Usmanu ya sauka Gwandu da jama'arsa. A shekarar ce aka yi yaƙin Alwasa, inda masu jihadi suka sha kashi ƙwarai, abokan gaba suka biyo su har bakin garin, aka kuma kore su a nan. Bayan haka Muhammadu Bello ɗan Shehu ya kewaye garin da ganuwa. Shehu yana zaune a Gwandu aka ci Alƙalawa a 1808, kafin ya koma Sifawa. Da aka raba kula da daula a 1812, yamma ta faɗo hannun Abdullahi, kuma daga wannan ƙaramin gari aka riƙa duba al'amuran ƙasashen da suka kai Nupe da Ilori ta kudu, da Liptako a Burkina Faso ta yau. A Kalambaina, nan kusa, Bello ya kawo wa baffansa ɗauki, suka daidaita bayan ɗan sanyin da ya shiga tsakaninsu kan gadon Shehu. Abdullahi ya rasu wajen 1829, ya bar littattafai masu yawa, ciki har da tafsirinsa Diya'ut Ta'wili, da Diya'ul Hukkami da ya rubuta wa mutanen Kano kan sha'anin mulki, da Tazyinul Waraƙati.

A 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Gwandu. Sarkin bai yarda sun gana ba. Amma a garin ne aka ara masa kwafin Tarikhus Sudan, littafin tarihin Songhai da Timbuktu, ya zauna ya kwashi abin da ya iya, ta hannunsa kuma Turai ta fara sanin abin da ke ciki. Ya kuma yaba albasar garin da ayabarsa. Albasa dai har yau tana nan a yankin, Aliero ce ma ta zama cibiyarta.

Daga baya sarauta ta bar garin, ta zauna Ambursa, sannan Birnin Kebbi a farkon zamanin Turawa, inda fadar Sarkin Gwandu take har yau. Shi ya sa mai son kallon dawaki ranar hawa Birnin Kebbi yake nufa, mutanen Kalgo kuma sun fi na Gwandu kusa da wannan kallo. Uba ya ɗora ɗa a wuya, algaita da tambura na tashi, 'yan bindiga na harba ta gargajiya, yaro na toshe kunne yana leƙe.

Abin da ke damuna shi ne, yawancin yaran da ake kaiwa hubbare suna fitowa ba su san ko ɗaya daga cikin abubuwan nan ba. Sun san dai kabarin wani babban malami ne. Uban da ya kai su shi ma sau da yawa iyakar saninsa ke nan, ba laifinsa ba ne.

Gindin bishiya da bakin fadama

Da rana ta karya, maza manya sukan koma inuwa. Dara ba ta buƙatar komai sai ƙasa mai laushi: a tona gurbi talatin, layi biyar na shida-shida, ɗaya ya ɗauki tsinke goma sha biyu, ɗaya ya ɗauki duwatsu ko ƙwallon goruba. A fara da dasawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga turawa. Wanda ya jera uku ya ci, ya cire ɗaya daga na abokin karawa. Mutum biyu ke wasa, amma mutum goma ke yinsa. Na tsaye ya fi na zaune gani, kowa na da shawara, kowa na cewa da shi ne da tuni an tashi.

"Malam, wannan turin naka na mai barci ne."

"Bari dai, Alhaji. Ka taɓa ganin an ci ni a gaban baƙi?"

A irin wannan zama malamin makaranta da mahauci da direba da wanda ya zo hutu daga Kaduna duk gwiwarsu ɗaya a ƙasa. A nan ake jin farashin taki, da wanda zai aurar da 'ya bayan Sallah, da wanda ya sayar da gonar gado. Samari sun fi karkata ga ludo da karta da teburin sunuka, ƙanana kuma ga shagon gem inda ake biya a buga ƙwallo a talabijin. Langa da carafke da gaɗa ba su mutu ba, sun dai ja baya zuwa ƙauyuka da unguwannin da hasken farin wata ya fi na lantarki tabbas.

Masu babur sukan ɗebi yara su gangara fadama. Ƙasar Kalgo tana gefen kwarin gulbin da ya ratso ta Argungu da Birnin Kebbi, ƙasar shinkafa, wadda sunanta ya ƙara fitowa tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015. Ga yaron da ya tashi a gidan haya cikin gari, ganin injin ban-ruwa na tofar da ruwa, da balbelu a bayan shanu, da masunci na jefa birgi, kallo ne sosai. A sayi kifi ɗanye ko kankana a bakin gona a dawo. A nan ne kuma hatsarin yake. Ruwan da ya yi kama da wasa yana da rami, kuma kusan kowane gari a yankin yana da labarin yaron da ya je wanka ranar biki bai dawo ba. Haka guje-guje da babura da samari ke yi da yammacin Sallah, mutum uku ko huɗu a kan babur ɗaya. Iyaye sun san wannan, shi ya sa uwa ba ta samun natsuwa sai ta ƙirga 'ya'yanta bayan magariba.

Wani abu kuma da ɗan birni ba ya sawa a lissafi: farkon Yuni bakin damina ne. In aka yi ruwa mai ƙarfi daren Asabar, to Lahadi da sassafe rabin majalisar dara tana gona da sungumi da ƙwaryar iri, da sabuwar hular Sallah da komai. Hutun gwamnati na ma'aikaci ne da ɗan makaranta. Gero ba ya jiran Talata. Ɗan da ya zo daga Abuja da farar shadda ma akan miƙa masa iri a ce ya bi layi, yaransa kuwa su ɗauki abin wasa, suna binne rami da dunduniya.

Daren Lahadin hutun 2025, 8 ga Yuni, ya zo wa masu gidajen kallo da sa'a, domin a daren ne Fotugal da Sifaniya suka buga wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Turai ta Nations League a Munich. Aka tashi biyu da biyu, Ronaldo ya ci ɗaya, Fotugal ta ɗauki kofi a bugun fenariti. Gidan kallo rumfar kwano ce da benci da janareto, amma ga saurayin Kalgo ko Gwandu ita ce fitar dare guda da iyaye suka yarda da ita, kuma musun da aka ɗauko a can yakan kai mako.

Kuɗin mota

Duk wannan tsari yana tafiya ne a kan abu ɗaya: mutum ya iya zuwa inda danginsa suke. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. Jihar Kebbi ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 75,000, amma mafi yawan mutanen garuruwan nan ba albashi suke ci ba. Magidanci mai mata da 'ya'ya shida da ke zaune a Kalgo, iyayensa na Gwandu, sai ya yi lissafin kujera nawa zai biya zuwa da dawowa, ban da kabu-kabun da zai kai su tasha. Abin da ake yi yanzu shi ne a rage: bana a tafi da manyan yara biyu, baɗi a tafi da ƙanana. Wasu su tura goron Sallah ta wurin mai POS, su kira a waya a miƙa wa kowa ya gaisa.

Kiran waya ya fi shiru, ba shakka. Amma kaka ba ta iya tsayar da jika a waya ta tambaye shi ɗan wa ne, ta ga ko ya iya durƙuso. Yaron da ya shekara uku bai taka gidan kakansa ba baƙo ne a can, kuma shi ma ya sani. Ga kuma tsoron hanya: tun harin da aka kai Mera a ƙaramar hukumar Augie a Nuwambar 2024, mutane da dama a arewacin jihar sun daina tafiyar dare, ziyarar da da akan kai har bayan isha'i yanzu ana katse ta tun la'asar.

Jihar Kebbi ta san darajar babban biki. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016. Ana yin Rigata a Yawuri, ana yin Uhola a Zuru. Waɗannan abin alfahari ne, kuma suna cin kuɗi masu yawa. Amma iyalin da na bayyana ba sa fita sau ɗaya a shekara don baƙi su ɗauki hoto. Suna fita kowace Sallah, kowane Mauludi, kowace Juma'a da yamma, kuma abin da suke buƙata ƙarami ne. Fili mai shinge da itatuwan inuwa a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma, da lilo da famfo da makewayi, inda mace za ta zauna da 'ya'yanta ba tare da ta sayi komai ba. Motocin haya masu rangwame tsakanin Birnin Kebbi da Kalgo da Jega da Gwandu na kwana uku kacal a lokacin Sallah. Masu sa ido a mashigan ruwa da aka san yara na zuwa.

A Gwandu kuwa aikin ya fi sauƙi. Alluna kaɗan da Hausa, boko da ajami, da ke faɗin wane ne ke kwance a hubbaren, me ya rubuta, ina ganuwa ta bi, ta ina ake zuwa Kalambaina. Akwai ɗaliban tarihi a jami'ar da ke Kalgo, akwai ɗalibai a ta Aliero, da yawansu 'yan yankin ne da ke gida a lokacin hutu. Masarauta da ƙaramar hukuma za su iya ɗaukar goma daga cikinsu na kwana uku, a ba su ɗan abin sayen sabulu, su tsaya a ƙofar hubbare su yi wa iyalai bayani da harshen da yara za su gane.